Yadda anka raba kujerun kwamishinoni a Zamfara tsakanin 2019 da 2023

Ranar Juma'a 24 ga watan Mayu na 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da ƙuri'un APC kaf a Zamfara, ta ce jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba, don haka tamkar ba ta shiga zaɓen ba ne. Mukhtar Shehu Idris da anka ce ya ci da ƙuri'a 534,541 ya koma gida, Bello Matawalle na PDP mai ƙuri'a 189,452 ya zama gwamna, kwana biyar tsakani anka rantsar da shi. To duk mai son ya gane dalilin da ya sa majalisar kwamishinonin wagga gwamnati ta fito a siffar da ta fito, daga nan zai fara, don gwamnan da ya ci zaɓe da ƙarfin akwatinsa da wanda kotu ta miƙa ma kujera cikin kwana biyar ba bashi iri ɗaya ke kansu ba. Kuma bashin nan shi nike son mu duba, saboda a jihohinmu jerin sunayen kwamishinoni ya fi nuna maka waɗanda gwamna ke jin nauyinsu a kan aikin da ya ƙudurta zai yi.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don da yawanmu muna ta gardama a majalisa da guruf guruf na WhatsApp alhali ba mu taɓa leƙa shi ba. Sashe na 192 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya ba gwamna ikon kafa ofisoshin kwamishinoni, kuma bai yanke masa adadi ba, in ya so goma in ya so talatin. Sharaɗi shi ne ya aika sunaye majalisar dokokin jiha ta tantance ta amince, in majalisa ta yi shiru har kwana 21 na aiki to a doka an naɗa su ke nan. Wanda za a naɗa dole ya kasance ya cancanci tsayawa takarar ɗan majalisar jiha, wato abin da ake nema na karatu bai wuce matakin sakandare ba, in ka cire kwamishinan shari'a, shi kam sashe na 195 ya ce sai lauyan da ya shekara goma aƙalla da zama lauya. Ɗan majalisa in anka naɗa shi kwamishina, ranar da ya yi rantsuwa ya bar kujerarsa. Sannan akwai sashe na 14 ƙaramin sashe na 4, wanda ya ce a yi naɗin ta yadda zai nuna bambancin al'ummar da ke cikin jihar, kar wani ɓangare ya kwashe komai.

Ku lura da kyau, a tarayya doka ta fito fili ta ce kowace jiha sai an ba ta minista aƙalla ɗaya. A jiha babu inda anka rubuta cewa kowace ƙaramar hukuma sai ta samu kwamishina. Al'ada ce, amma al'adar da ta yi ƙarfin da babu gwamnan Zamfara da zai kuskura ya taka ta. Ƙananan hukumominmu 14 ne. Yamma na da shida, Anka, Bakura, Bukkuyum, Gummi, Maradun da Talata Mafara. Tsakiya na da huɗu, Gusau, Bunguɗu, Maru da Tsafe. Arewa ma huɗu, Ƙaura Namoda, Shinkafi, Zurmi da Birnin Magaji. Ke nan tun kafin a ɗauki biro kujera 14 sun riga sun tafi, kowa da tashi, abin da ya yi saura a sama shi ne inda siyasar take. Da Matawalle ya tashi naɗi sai ya kawo mutum 19, ka ga rarar biyar ke nan, kuma a irin rarar nan ake sallamar tsagin da ya fi tsada, da garin da ya fi yawan ƙuri'a, da matan da ake son a ce an tafi da su.

Abin ya fi kama da watanda. An haɗa kuɗi an yanka sa, kowa ya san kashinsa na nan, amma kashi ba ya zama ɗaya, wani tsoka zalla wani rabi ƙashi, kuma mai rabo ya san wa zai yi shiru in an rage masa, wa zai tada jijiyar wuya.

Kafin a zo kan kwamishinoni ma akwai manyan kujeru da ake fara daidaitawa. Gwamna ɗan Maradun ne, yamma. Mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau, ɗan Janar Aliyu Gusau, tsakiya. Kakakin majalisa Nasiru Mu'azu Magarya daga Zurmi, arewa. Sakataren gwamnati na farko Bala Bello Maru, tsakiya. In ka ɗora wanga kan tarihin gwamnoninmu za ka gane me ya sa mutanen tsakiya da arewa ke ƙirga kujeru da ido buɗe, domin Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi takwas daga yamma, Mahmud Aliyu Shinkafi ya yi huɗu daga arewa, Abdul'aziz Yari ya yi takwas daga Talata Mafara, yamma, ga Matawalle kuma yamma. Daga 1999 zuwa 2023 shekara ashirin cikin ashirin da huɗu mulki na yamma ne, tsakiya da ke da babban birnin jiha ba ta ɗanɗana ba sai da Dauda Lawal ya zo. Shiyyar da ba ta da gwamna da kujerun kwamishinoni ake lallashinta.

Yanzu mu dawo kan bashin. Matawalle ya shiga gidan gwamnati ƙarshen Mayu amma kwamishinoni ba su samu ba sai wajen ƙarshen shekarar, kusan wata shida jiha na tafiya a hannun manyan sakatarori da 'yan tsirarun masu ba da shawara. Mutane sun yi ta cewa jan ƙafa ne, ni kuwa ina ganin lissafi ne ya yi wuya. Ga 'yan PDP na asali waɗanda sunka sha rana, sunka yi shekaru suna adawa ba ko sisi, su a wurinsu lokacinsu ne ya zo. Ga 'yan APC da sunka yaƙi Yari daga cikin gida, waɗanda ake kira G8, irin su Sanata Kabiru Marafa da mataimakin gwamna na lokacin Malam Ibrahim Wakkala da Aminu Sani Jaji da shi kansa Dauda Lawal, wanda rigimarsu da tsagin gwamnati kan zaɓen fidda gwani ita ta kai APC ƙasa, kuma kowa ya san in ba don ita ba PDP ba ta ga gidan gwamnati a 2019. Ko su ba su nema ba, mabiyansu na ganin suna da haƙƙi. Ga kuma waɗanda sunka fara kwararowa daga APC bayan rantsuwa, tsofaffin kansiloli da ciyamomi da masu riƙe da mazaɓu, waɗanda gwamna ke matuƙar buƙata don ya san ƙuri'arsa ba ta kai rabin ta abokin takararsa ba, in yana son ya sake tsayawa dole ya gina gida tun daga tushe. Sannan ga sarakuna da malamai, su ba su rubuta suna a takarda amma a Zamfara ba a naɗa mutum daga gari uban ƙasar bai ji ba. Ka haɗa duk wanga a kujera 19 ka gani ko zai yi sauri.

Sai maganar nauyin ma'aikatu, wadda ita ce ainihin abin da 'yan siyasa ke faɗa a kai, don in anka ce an ba garinku kwamishina tambaya ta biyu ita ce na mene. A sama akwai kuɗi, akwai ayyuka, akwai ƙananan hukumomi da masarautu, akwai shari'a. Waɗannan gwamna ba ya ba wanda bai yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, ko da kuwa lissafin shiyya ya ce a ba wani. Ma'aikatar ƙananan hukumomi musamman, ƙarfinta daga asusun haɗin gwiwa yake, wanda sashe na 162 ya tanada, inda kason ƙananan hukumomi daga Abuja ke fara sauka hannun jiha kafin ya isa gare su, kuma haka abin ya ci gaba har sai a watan Yuli na 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura masu kai tsaye. Wanda ke kan wannan kujera ciyamomi 14 na bin ƙofarsa, maganar naɗin hakimi ko dakatar da shi ta teburinsa take bi, to ka ga ya san kowa a kowace mazaɓa.

Shi ya sa in ka bi tarihin manyanmu za ka ga da yawa daga majalisar kwamishinoni sunka fito. Shi kansa Matawalle kwamishina ne a zangon farko na Yarima, 1999 zuwa 2003, kuma cikin ma'aikatun da ya riƙe har da ta ƙananan hukumomi da masarautu, daga nan ya wuce majalisar wakilai yana wakiltar Bakura da Maradun. Malam Ibrahim Wakkala ya riƙe ma'aikatar harkokin addini, wadda anka kafa zamanin Yarima sanadin ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, daga baya ya zama mataimakin Yari na shekara takwas. Mukhtar Shehu Idris kwamishinan kuɗi ne na Yari kafin a tsayar da shi takarar gwamna. Ke nan gwamnan da ke rubuta sunaye ya san cewa cikin mutanen nan akwai wanda gobe zai iya neman kujerarsa, kuma wanga sani yana shiga cikin zaɓinsa, wani lokaci mutum mai ƙwazo da farin jini a ƙi shi ba don komi ba sai don kar ya yi girma. Akwai ma wani sashe da ba a cika ambata ba, na 189, wanda ya ce kashi biyu cikin uku na majalisar zartarwa na iya zartar da cewa gwamna ya kasa gudanar da aikinsa saboda rashin lafiya, sai a kafa kwamitin likitoci su tabbatar. Abu ne da ba a saba gani ba, amma yana nan a rubuce, kuma ya isa ya sa kowane gwamna ya fifita mai biyayya.

Kujerar da ta fi ɗaukar hankali a majalisar Matawalle ita ce ta kwamishinan tsaro da harkokin cikin gida, kuma a nan nike son in ɗan daɗe don a nan rayukanmu suke. A majalisar kwamishinoni ta farko Abubakar Dauran ne ke kai, lokacin da gwamnati ta rungumi sulhu da 'yan bindiga, ana shiga daji ana zama da su ana karɓo mutanen da anka sace. Bayan an rushe ta farko a 2021 sai anka kawo tsohon mataimakin sufeto janar na 'yan sanda Mamman Tsafe, lokacin da akalar ta juya zuwa matsi, a watan Satumba na 2021 anka katse layukan waya, anka rufe kasuwannin mako, anka hana sayar da fetur a jarka. Ka ga a nan sunan wanda anka naɗa ya nuna manufa a fili, ɗan siyasa mai iya magana da mutanen daji lokacin sulhu, tsohon ɗan sanda lokacin fito na fito. Amma abin da ya kamata mu riƙe shi ne kwamishinan tsaro na jiha ba shi da ɗan sanda ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ba shi da soja. Kwamishinan 'yan sanda sunansu ne kawai ya zo ɗaya, shi daga Abuja ake turo shi kuma can yake kai rahoto. Iyakar na jiha ya sayi motoci, ya ba da man fetur da alawus, ya haɗa taro, ya tattara bayanai daga hakimai. Mun ga iyakar ikon nan ƙarara a watan Yuni na 2022, da gwamnati ta bakin kwamishinan yaɗa labarai Ibrahim Dosara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, nan take babban hafsan tsaro na ƙasa ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Haka ma ma'adinai, zinarin Anka da Bukkuyum da Maru a ƙasarmu yake, gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a 2010 'ya'yanmu ne, amma lasisin haƙa na tarayya ne, kuma tarayya ce ta hana haƙar a watan Afrilu na 2019. Za ka iya naɗa kwamishina ka ba shi ofis da mota a kan abin da ikonsa ba ya hannun jihar.

Wanga ba ya nufin kujerar ba ta da amfani. Wanda ya san dajin Zurmi da na Ɗansadau, ya san wane ardo ke magana da wane, ya san inda rikicin gona da burtali ya faro, zai iya hana jini zuba fiye da bataliya. Abin da nike cewa shi ne mu san abin da za mu tambaye shi a kai da abin da za mu tambayi Abuja.

To wa ya kamata ya tace waɗannan mutane kafin su hau? Majalisar dokoki, mai mambobi 24, wadda bayan hukuncin kotu kusan dukkansu 'yan PDP ne da sunka shigo ta ƙofa ɗaya da gwamna. Duk wanda ya taɓa leƙa zaman tantancewa a kowace jiha ta ƙasar nan ya san yadda yake. Harabar majalisa cike da motoci da makaɗa da 'yan rakiya, kowa da babbar riga sabuwa fil, a kira mutum ya shigo ya tsaya gaban sanda, ya karanto makarantun da ya yi da muƙaman da ya riƙe, ɗan majalisar mazaɓarsa ya miƙe ya ce mun san shi mun san mahaifinsa mutumin kirki ne, in tsohon ɗan majalisa ne ko mace sai a ce ya yi gaisuwa ya wuce, minti biyar an gama, a waje guɗa ta kaure. Kuma babbar matsalar ita ce sunayen na zuwa ba tare da ma'aikata ba. Ɗan majalisa bai san mutumin nan lafiya za a ba shi ko noma ko wasanni ba, to me zai tambaye shi? Sai ranar rantsuwa ake jin inda anka jefa kowa, wani lokaci shi kansa mai kujerar a nan yake ji. Doka ba ta tilasta gwamna ya haɗa suna da ma'aikata ba, amma kuma ba ta hana majalisa ta ce sai an haɗa ba, rashin so ne kawai.

Majalisar kwamishinoni ta farko ba ta yi tsawon rai ba. A ƙarshen watan Mayu na 2021 gwamna ya rushe ta, har da sakataren gwamnati, wata ɗaya bayan nan, 29 ga Yuni, ya sauya sheƙa zuwa APC a Gusau, mafi yawan 'yan majalisa sunka bi shi. Ba sai an yi dogon bincike ba, an share fili ne don sabon rabo, domin bashin 2019 daban, bashin shiga APC daban. Yanzu akwai 'yan APC na asali da za a tarar a gida, akwai waɗanda sunka biyo gwamna daga PDP da ke tsoron kar a mayar da su baƙi, ga tsagin Yari da na Marafa da farko sun ƙi yarda a miƙa ma gwamna ragamar jam'iyya sai a 2022 anka sasanta. Mataimakin gwamna Mahdi ya ƙi bi, ya tsaya a PDP, kuma a nan ne abin ya taɓa majalisar zartarwa kai tsaye, domin sashe na 193 ya ce gwamna ya riƙa zama a kai a kai da mataimakinsa da kwamishinoni don tsara manufofin gwamnati, to ga shugaban zama a jam'iyya ɗaya mataimakinsa a wata, kusan wata takwas ana haka, har ranar 23 ga Fabrairu 2022 da majalisar dokoki ta tsige shi anka kawo Sanata Hassan Nasiha.

Mu yi lissafin lokaci, don shi ne abin da ya fi ci mani rai. Zangon gwamna wata 48 ne. Cire shida na farko da babu kwamishinoni. Majalisar farko ta yi kamar shekara ɗaya da rabi, a ciki korona ta cinye wani ɓangare na 2020. Sai rushewa da jiran sabon naɗi. Sabuwar majalisa ba ta gama zama ba sai ga dokar zaɓe ta 2022, wadda sashe na 84 nata ya ce mai riƙe da muƙamin siyasa ba zai yi zaɓe ko a zaɓe shi a fidda gwani ba, ke nan duk mai sha'awar takara sai ya ajiye aiki. Daga nan kuma sai kamfen har Maris 2023. Yanzu ka ɗauki ma'aikatar ilimi a cikin wanga yanayi. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 anka kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe, 279 sunka dawo, anka rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba na shekarar anka sake kwashe ɗalibai a Kaya cikin Maradun, anka rufe makarantu. Ga bashin WAEC da NECO da ya taru tun daga gwamnatocin baya har ya kai ana riƙe sakamakon yara. Ma'aikatar da ke cikin irin wanga hali tana buƙatar mutum ɗaya da zai zauna shekara huɗu ya san kowane firinsifal da sunansa, ba wanda kafin ya gama karanta takardun miƙa aiki an ce ya tattara ba. Yaron da ya rasa zango biyu a aji uku na babbar sakandare babu sabon naɗin da zai mayar masa da su.

Sai yawa. Da Dauda Lawal ya karɓi mulki a 2023, bayan ya ci da ƙuri'a 377,726 a kan 311,976, cikin abubuwan farko da ya yi akwai rage ma'aikatu daga 28 zuwa 16. Wannan adadi na 28 shi kaɗai ya ishe ka labari. Jihar da kusan duk abin da take kashewa daga kason tarayya yake zuwa, me ya kai ta ma'aikatu 28? Amsar ita ce duk sanda bashin siyasa ya ƙaru sai a tsaga ma'aikata biyu, ilimi ta haifi ilimi mai zurfi da kimiyya, noma ta haifi dabbobi da gandun daji, kowace kuma sai an ba ta babban sakatare da daraktoci da motoci da kuɗin gudanarwa na wata wata. Banda masu ba gwamna shawara, waɗanda sashe na 196 ya ce majalisa ce ke yanke adadinsu, banda manyan mataimaka da ƙananan mataimaka. Sau da yawa sai ka tarar da kwamishina da mai ba da shawara da shugaban hukuma duk a kan aiki guda, kowa na jan fayil ɓangarensa. Ban ce raguwar adadi kaɗai na gyara aiki ba, ma'aikata 16 ma na iya kwana in ba a sakar masu kuɗi ba, amma aƙalla an san wanda za a tuhuma.

Mata kuwa a duk majalisun nan da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga su, kuma galibi harkokin mata ko jin ƙai ake ba su. Hajiya Zainab Lawal Gummi na cikin 'yan kaɗan da sunka tsallake wannan shinge, ta riƙe harkokin mata daga baya ta riƙe ilimi. A jihar da zawarawa da marayu sunka cika garuruwa sanadin ta'addanci, da mata ke mutuwa wurin haihuwa saboda asibiti ya yi nisa ko hanya ba ta biyuwa, rashin muryarsu a teburin da ake yanke kasafi asara ce ta kowa.

Akwai wani gefe da ya kamata a yi ma su kwamishinonin adalci a kai. Je ka ƙofar gidan kowane kwamishina bayan sallar asuba. Tabarmi a shimfiɗe, mutum talatin ko fiye, wanga da takardar asibiti a hannu, wancan matarsa ta haihu suna jibi, ga dattijon da anka sace ɗansa ana haɗa kuɗin fansa, ga matasan mazaɓa da sunka zo gaisuwa, kuma ba wanda zai koma hannu sake in ana son a zauna lafiya a gari. Shi a wurin mutanensa ba shugaban ma'aikata ba ne, kason ƙaramar hukumarsu ne da anka ba shi ajiya. Ya je ofis kuma ya tarar ikonsa na kashe kuɗi ɗan kaɗan ne, abu mai nauyi sai ya rubuta memo, wato takardar neman amincewar gwamna, memo ta tafi gidan gwamnati ta jira sa hannu, in an sa hannu ta koma ma'aikatar kuɗi ta jira a saki, kuma tsakanin sa hannu da sakin kuɗi ana iya cinye shekara. Abin da majalisa ta amince a bajat daban, abin da anka saki daban. Wanda ke da kunnen gwamna, ko da muƙaminsa bai kai na kwamishina ba, ya fi shi iya fitar da kuɗi. Mutumin da anka ɗaure haka ta sama, ake ja ta ƙasa, in ba mai tsoron Allah ne sosai ba ka san inda zai nemi mafita, kuma mu da ke zaune kan tabarmar muna cikin masu tura shi.

Ni ban ga laifin rabon kujeru bisa ƙananan hukumomi ba, gara a yi shi, don mutumin Birnin Magaji ko Bukkuyum na da haƙƙin ya ga nashi a teburin, kuma babu ƙaramar hukumar da ta rasa likita ko injiniya ko malamin makaranta da ya san aikinsa. Inda ake cutarmu shi ne a cikin ƙaramar hukumar wa ake ɗaukowa, kuma wace ma'aikata ake ba shi, kuma wata nawa ake barinsa.

Abu ɗaya dai ya canza a doka tun bayan wancan lokaci. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya wajabta ma shugaban ƙasa da gwamnoni su miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60 da rantsuwa, don haka zaman wata shida ba majalisar zartarwa irin na 2019 ya zama saɓa doka. Amma gyaran bai ce a haɗa suna da ma'aikata ba, bai yanke adadi ba, bai hana gwamna rushe majalisar kwamishinoni duk ranar da lissafin siyasarsa ya canza ba. Cikin waɗannan ukun na farkon yana hannun 'yan majalisarmu 24, kuma ko gyaran doka ba ya buƙata, kakaki ne kawai zai mayar da takarda gidan gwamnati ya ce a rubuto ma'aikatar kowa a gaban sunansa kafin a sa ranar tantancewa.